Ranar da Okbun Ta Ciji Mai Jinya

Madam Cha ta zare yatsanta daga bakin tsohuwar, ta ɗaga shi saitin taga tana dubawa. Safar roba ba ta huje ba, amma shatin haƙora ya kwanta a kan gaɓar. Ba ta yi ihu ba. Ta dai ce tun da ta baro garinsu Yanbian ta kama aikin jinya an zage ta, an tofa mata yawu, an taɓa jifanta da fo, amma cizo yau ne farau.

"Na ce miki kada ki sa hannu," in ji Okbun. Maganar ta fito a karkace, don gefen bakinta na dama bai gama dawowa daidai ba. "Kin ji, kika sa."

Daga gadon gefe aka fara wata dariya mai kama da sacewar taya. 'Yar Hadong ce, wadda kowa ke kira da sunan garinsu kamar yadda ake yi wa matan zamaninta. Ta ce ya kamata a manna takarda a ƙofa cewa akwai kare a ciki, a riƙa ƙwanƙwasawa.

Seol Okbun ta kusa tamanin. Rabin rayuwarta a kasuwar bakin teku ta Samcheonpo ta yi shi, tana sayar da busassun ƙananan kifi, har safiyar da ta sunkuya ɗaukar kwali ɓarin jikinta na dama ya ƙi tasowa da ita. Daga babban asibiti aka kawo ta nan, asibitin doguwar jinya da ke bayan garin Jinju, ɗakin mata shida da mai jinya ɗaya.

Haƙoranta na sama nata ne, duk da sun sha faci. Na ƙasa na roba ne, amma ba irin waɗanda ake ɗorawa a kan dasashi su yi ta iyo ba. Ta yi zama da irin waɗancan, har wata rana suka faɗa mata cikin miya a gaban surukai. Bayan rasuwar mijinta ta je aka dasa mata ƙusoshin ƙarfe biyu a ƙashin muƙamuƙi, kawunansu suka leƙo kamar maɓallan riga, haƙoran suna hawa kansu su kama, ƙas. Da su take tauna busasshen kifi a gaban mai saye don ya ga ba ta tsoron kayanta. Kullum kafin ta kwanta takan sa manyan yatsunta biyu a ƙarƙashin gefunan ta tura sama a tare, ta wanke, da safe ta mayar. Aikin hannu biyu ne. Yanzu ɗaya gare ta.

A saman kowane gado akwai ɗan kati mai sunan mai gadon da abincinta. Abu huɗu ake rubutawa: shinkafa, fate, kunu, roba. Ba ta daɗe ba ta gane matakala ce, kuma gangarawa kawai ake yi. Matar bakin ƙofa, mai robar abinci a hanci da hannuwa a cikin safa, an ce da ƙafarta ta shigo, katinta na shinkafa. 'Yar Hadong tana kan kunu. Ita ma da haƙoran roba ta zo. Aka zuba su a kofi, aka ce sai ta ɗan ƙara ƙarfi. Da ta ƙara ƙarfin, bakin ya riga ya tsuke, suka ƙi shiga. Suna nan a durowarta, takan ce a buɗe mata ta gaishe su.

Katin Okbun fate ne tun ranar da ta zo. Shi ya sa ba ta bar kowa ya taɓa bakinta ba, kuma tun jiya ta daina karɓar faten.

Nas Tak, shugabar ma'aikatan wannan hawa na asibitin, ta zo da 'yar tocila da muryar da ake yi wa yara. "Kakarmu, a buɗe baki mana, a ce aa."

Okbun ta buɗe iya inda haske zai shiga. Nas ta leƙa, ta ɗan kau da fuska, ta ajiye muryar yaran. Ta ce dasashin ya kumbura har gindin ƙusoshin, warin kaɗai ya isa shaida. Abin da ke ruɓewa a ƙarƙashin nan, in ya bi yawu ya sauka huhu, shi ke kwashe mutane a wannan hawa, ba shanyewar jiki ba. In kuma ya ci ƙashi, ƙusoshin da kansu za su yi girgiɗi su fita.

Okbun ta san ba tsoratarwa ba ce. Kwana da kwanaki tana jin ɗanɗanon abin a harshenta.

"To a cire, a wanke, a mayar mini ina kallo."

Nas ta ce yau za a iya, gobe ma wataƙila. Amma mace ɗaya ce ke juya mutum shida, ta canja musu, ta ba su abinci. Dokar asibitin ita ce haƙoran roba suna zama a bakin wanda zai iya cirewa, ya wanke, ya mayar da kansa. Wanda ba zai iya ba, kofi. Ta ƙara da cewa sukan zame su shaƙe mai barci. Okbun ta ce nata ba sa zamewa, a tambayi yatsan Madam Cha. Gefen bakin nas ya motsa, amma ba ta yi dariyar ba.

"In na cire da kaina fa?"

Nas ta dubi hannun dama da ke kwance a kan bargo, yatsu a dunƙule. "In kin cire, kin wanke, kin mayar, naki ne."

"Da shinkafa."

Wannan kuma maganar likita ce, in ji nas. Okbun ta ce to ga ta nan, ba inda za ta, a je a tambayo shi. Da nas ta dawo ta ce ya yarda a gwada sau ɗaya a abincin yamma, a gabanta, kuma tari ɗaya ya isa katin ya zauna yadda yake. In kuwa keken abincin yamma ya iso haƙoran ba su fita ba, likitan haƙori da ke zagayowa yau zai cire su. An riga an kira 'yarta.

'Yar tata, Miran, ta iso daga Changwon kafin azahar, da rigar aiki a jikinta da kwalin lemo a hannu. Ba ta fara zuwa wajen uwarta ba. Ta tsaya gaban Madam Cha ta rusuna, ta sake rusunawa, tana ba da haƙuri, ita kuma tana cewa ba komai, ai tsufa ne. Sannan ta zo ta ja labule ta zauna a bakin gado.

"Umma, kin san in matar nan ta ajiye aiki ba za a samu wata ba? Mutum shida za ki bari ba mai juya su."

"Na gargaɗe ta."

"Haƙora ne fa kawai. Na ɗan lokaci."

"Leƙa ki tambayi waccan tsawon ɗan lokaci."

Ta bayan labule 'Yar Hadong ta ce ita kada a sa ta a rigimar gida, tana barci.

Miran ta rage murya. Ta ce sun yi magana da yayanta. Gidan Samcheonpo hawa na uku ne, ba na'urar hawa. Likita ya ce mai cin fate ba a sallamarsa ya zauna shi kaɗai. Akwai wani gidan tsofaffi kusa da ita, mai tsabta, da lambu, za ta riƙa zuwa duk mako. Tana magana tana gyara bakin bargon da ba abin da ya same shi.

Okbun ta tambaye ta ko ta ba su izinin kiran likitan haƙorin. Miran ta ci gaba da gyaran bargo.

Can ta ɗago, idonta ya yi ja. "Kawo ni in cire miki yanzu. In wanke, in mayar, mu ce ke kika yi. Ba wanda ya gani."

Okbun ta dubi hannuwan 'yarta, masu ƙarfi, farce a yanke. Minti ɗaya zai isa. Ta ji bakinta yana son buɗewa da kansa.

"Gobe fa? Kina Changwon."

"Sai mu san yadda..."

"Fita ki sha iska. Kada ki dawo sai na aika."

Aka kawo abincin rana aka mayar da nata ba a buɗe ba. Bayan an kwashe tire, Madam Cha ta turo teburin gado har ƙirjin Okbun, ta taka birkinsa. Ta ajiye roba da ruwan ɗumi, buroshi, tawul. Yatsanta yana naɗe da filasta. Ta ja labule ta tafi juya matar bakin ƙofa.

Okbun ta fara da hagu. Ta sa babban yatsa ta tura, gefen hagu ya ɗaga, na dama ya murɗe a kan ƙusarsa ya danne kumburin. Zafin ya haura mata har cikin kunne. Ta jira ya lafa, ta gwada daga gaba da yatsa biyu, suka zame a yawu. Ta ɗauki dogon cokalin ƙarfe ta cusa bakin mariƙinsa, ya kuɓuce ya yanke ta a leɓe. Ta zauna tana haki, gumi yana bin bayan kunnenta.

"Wannan gurnanin duk na mene ne?" in ji 'Yar Hadong. Rashin haƙora ya sa kalmominta suna fitowa da laushi kamar an jiƙa su. "Haihuwa kike?"

"Yaya, ki yi barcin da kika ce."

"Ina zan yi, ana yanka saniya a gefena. Da hannu nawa kike yi?"

"Nawa gare ni?"

"Biyu na gani ranar da aka kawo ki."

Okbun ta ce ɗayan ya mutu, saura a binne. 'Yar Hadong ta ce ba wanda ya ce ya yi aiki. Ya tsaya kawai. Ita da ƙafarta ta shanye, da ita take tokare ƙofar banɗaki.

Okbun ta dubi hannun. Mai gashin ƙashi kullum fama yake ya miƙar da shi, shi kuma yana komawa ya ƙage. Babban yatsan a sandare yake, yana kallon sama. Ta kamo wuyan hannun da hagu, ta ɗora gwiwarsa a kan tebur. Ya zame ya faɗi. Ta shimfiɗa tawul ta sake ɗorawa, ta jingina shi da bakin robar ruwan, ya tsaya. Ta sunkuyar da kai a hankali har farcen ya shiga tsakanin leɓe da dasashi, ta lalubi gefen haƙoran da shi. Ba ta jin yatsan, bakin ne ke gaya mata inda yake. Ta sa na hagu a ɗaya gefen. Tunda hannun ba zai tura sama ba, sai ta saki nauyin kanta ƙasa.

Karo na farko gwiwar ta goce. Na biyu ma. Rana ta bar tagarsu ta koma bangon ginin da ke fuskantarsu kafin ta ji ƙas a dama, ƙas a hagu, haƙoran suka faɗa cikin ruwa.

Wari ya taso, ruwan ya yi ja-ja. Iska ta taɓa dasashin, ta ji wani sanyi mai daɗi da zafi a haɗe. 'Yar Hadong ta ce namiji ne ko mace.

Ta danne haƙoran a ƙasan roba da mataccen hannun, ta goge su da buroshi ciki da waje, har ramukan da ƙusoshin ke shiga. Ta kurkure baki, ta goge kan ƙusoshin a hankali, hawaye na zuba ba da izininta ba. Mayarwa ta fi sauƙi: ta daidaita, ta danna hagu, ta danna dama. Likitan da ya dasa su ya hana ta cije su su shiga, ba ta kuwa cije ba.

Ta jingina da matashi. Ta fi son ta yi barci fiye da komai a duniya. Amma ba wanda ya gani, kuma akwai 'yarta a cikin ginin, za a iya cewa ita ta cire mata. Ta kira Madam Cha ta ce a canja ruwa, a kira nas, a kira Miran, a yaye labulen gaba ɗaya.

Ta sake yi a gabansu. Wannan karon dasashin ya riga ya fusata, kuma gwiwar ta goce sau ɗaya. Miran ta taho za ta tare, Okbun ta yi mata wani kallo, ta koma. Da haƙoran suka fita, haɓarta ta hau sama, leɓen ƙasa ya shige ciki, fuskar ta zama ta wata tsohuwa da Miran ba ta taɓa gani ba. Ko mijinta bai taɓa ganinta haka ba. Okbun ba ta kai tawul bakinta ba. Ta ɗaga kai ta dubi matan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ta dubi 'yarta, sannan ta ɗauki buroshi.

Da haƙoran suka koma, ƙas, ƙas, Nas Tak ta ce duk da haka likitan haƙori zai duba ya ba da magani, kuma dole su riƙa kwana a waje. Okbun ta ce a kofinta, a durowarta. Nas ta ce ta ji.

Keken abinci ya iso da sauran rana, kamar kullum. Aka ajiye wa Okbun tire: miyar ganyen teku, awara, ɗan kimci na kabeji mai yaji, da kwanon ƙarfe mai murfi. Ta buɗe. Tururin shinkafa ya bugi fuskarta. Nas ta tsaya a ƙarshen gado ta harɗe hannu, ta ce ƙaramin cokali, a sunkuyar da haɓa, ba magana.

Lomar farko ta yi ta taunawa har ta zama zaƙi. Kowace tauna sai ƙusoshin sun amsa da zafi. Ta haɗiye, ta wuce. Ta biyu ma ta wuce. A ta uku wata ƙwaya ta kauce hanya.

Ta ji ta a can ƙasan maƙogwaro, 'yar mitsitsiya, tana tsikara. Tarin ya taso daga ƙirji. Ta datse haƙora ta riƙe shi, ta kafa ido a kan awara kamar tana zaɓe. Idanunta suka ciko. Kafaɗarta ta hagu ta fara rawa.

Sai 'Yar Hadong ta sarƙe. Ta yi wani tari mai ƙarfi, ta buga ƙarfen gado da hannu, kwanon kununta ya kife a kan bargo ya gangara ƙasa yana ƙara. Nas Tak da Madam Cha suka yi kanta, ɗaya na ɗaga ta, ɗaya na bubbuga bayanta, ita kuma tana ta tari kamar ranta zai fita.

Okbun ta cusa fuska a tawul ta saki nata, sau uku, a ƙarƙashin hayaniyar. Ƙwayar ta fito. Da ta ɗago, Miran na tsaye a kanta, ta ga komai. Ta ga jan fuskar, ta ga tawul ɗin. Bakinta ya buɗe, ta juya wajen nas. Okbun ba ta roƙe ta ba, ko da ido. Ta dai ɗauki cokalinta.

Miran ta gyara tsayuwa, ta ba wa gadon gefe baya yadda ta tare uwarta, ta zare tawul ɗin ta ninke ta sa a jakarta. Ta tsiyaya ruwa a kofi.

Tarin 'Yar Hadong ya tsaya tsak kamar an kashe rediyo. Ta ce kunun ne ya yi kauri, a gaya wa masu girki. Nas ta duba numfashinta, ta saurari ƙirjinta, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta dawo ƙarshen gadon Okbun, ta dubi jiƙaƙƙun idanun, ta dubi Miran.

"Lafiya dai a nan?"

"Lafiya," in ji Miran. "Dasashin ne ke mata zafi."

Nas ta tsaya har Okbun ta ci rabin kwanon. Kowace loma Miran na bin ta da ido daga cokali har maƙogwaro, tafinta a kan bayan uwar. Daga nan nas ta zare katin saman gado, ta ce za ta sa a buga sabo na shinkafa, amma gobe da safe ma za ta tsaya. Ta fita.

Madam Cha ta durƙusa tana goge kunu a ƙasa, tana mita cewa wata ta cije ta da safe, wata ta ba ta wanki da yamma, kuma a ce ita ce ba ta da haƙuri. 'Yar Hadong tana kwance ta rufe ido. Abincinta ya zube, sai an tambayo ko da saura.

"Ke mai kifi," ta ce, ba ta buɗe idon ba. "Akwai kimci a tiren nan?"

Okbun ta ce akwai.

"Ɗauki gindin kabejin, farin, mai tauri. Kada ki rufe baki."

Miran ta ce Umma, da kumburin nan. Okbun ta ture ganyen gefe da cokali, ta laluɓo mafi kaurin, ta kai shi gefen da ya fi kusa da gadon maƙwabciyarta.

"Yauwa," in ji 'Yar Hadong. "A hankali. Tauna in ji."